Daga allon aji zuwa sikelin ridi a Gadarif

Kakan mahaifina bai zo Sudan don ya zauna ba. Makka ya nufa, a ƙafa, cikin ayarin mutanen da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a cikinsa. Ɗan sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, kuma a can danginmu suka fara sauke kaya. A gida manomi ne, a nan ya zama masunci. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, ɗansa ya ajiye koma ya shiga cirar auduga. Mahaifina ya yi noma, ya yi ɗinki, ya ƙare yana gasa agashe, wato tsiren Sudan, a Wad Madani. Duk cikinsu babu wanda ya ɗauki canja sana'a wani abin ba da labari. Ni ne na farko a gidanmu da ya riƙe takardar jami'a, ni ne kuma na farko da ya yarda cewa sana'a ɗaya aka rubuta wa mutum a duniya.

Tawa koyar da lissafi ce, a wata makarantar gwamnati a gefen Madani. Albashin bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba, amma akwai suna. Duk inda na gifta a unguwa Ustaz ake ce min, ko wajen ɗaurin aure a gaba ake ba ni wuri. Da a lokacin ka tambaye ni abin da na iya, sai in lissafo maka darussan da ke cikin manhaja. Ba zan kawo maka zancen rajistar kiran suna ba, ko littafin makin jarrabawa, ko kuɗin karin kumallon yara da nake karɓa ina rubutawa, ko zaman sulhu da uban da ya zo a fusace don an kayar da ɗansa. Waɗannan a wurina wahalar aikin ce, ba aikin ba.

Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi. Makarantu suka rufe, albashi ya tsaya. Madani ta cika da waɗanda suka gudo daga babban birni, ajujuwanmu suka koma ɗakunan kwana. Muna ganin mu ne masu masauki, sai ga shi a Disamba dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin gwamnati, sun shigo garin, mu ma muka ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka. Ta Sinnar muka bi, muka ɗan tsaya wajen dangi a Mai Wurno, daga nan muka zagayo Gadarif, inda ƙanen mahaifiyata yake zaune. Ba zan tsaya kan labarin hanyar ba. Wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba Allah ya kiyashe shi.

Gidan Kawu ya riga ya cika kafin mu iso. Maiɗakina da yara suka samu rabin ɗaki, ni da sauran maza muka koma kwana a wata makaranta. Da safe sai in sa rigata mai ɗan haske, in ɗauki takarduna a leda, in bi ofisoshin ƙungiyoyin agaji. A kowace ƙofa akwai layi, kuma rabin layin malamai ne irina, da ma'aikatan banki, da injiniyoyi, kowa da ledarsa. Abin da ake nema Turanci ne da iya haɗa rahoto a kwamfuta, ni kuwa da Larabci na yi karatu, da alli na yi aiki.

Kawu ya zuba min ido har ya gaji. Wata rana bayan sallar Asuba ya ce, "Kai, zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma tsayuwa a layin nan ma zama ne. Sa takalminka, kasuwa za mu."

Wanda bai san Gadarif ba, garin noma ne na damina, a kan baƙar laka, kusa da iyakar Habasha. Tun shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a yankin, kuma akwai masu gonakin da ake ƙirga su da dubban fadan, fadan ɗaya murabba'in mita 4,200. Farin ridin Gadarif sananne ne a kasuwar duniya. Ana yankansa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, cikin gaggawa, don in ya bushe a tsaye kwanson fashewa yake ya zube. Bayansa dawa take shigowa, su fatarita da dabar da wad ahmad. Duk wannan a kasuwar amfanin gona yake haɗuwa, a yi gwanjonsa, a loda a manyan motoci zuwa Bur Sudan, tashar jirgin ruwan ƙasar. Ridi da kantar ake sayar da shi, kantar ɗaya ratali 100, wajen kilo 45 ke nan. Dawa kuma da ardab, buhu biyu.

Kawu ya kai ni wajen wani Alhaji, Bahaushe, mai sito da sikeli a bakin kasuwar, wanda ke saye daga ƙananan manoma yana tarawa. Bayan gaisuwa Kawu ya ce, "Alhaji, ɗan 'yar'uwata ne, daga Madani. Ko da ɗan abin da zai taɓa."

Alhaji ya dube ni. "Malam, me ka iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne."

"Na ji. Me ka iya?"

Na fara zaro takardu daga leda. Ya ɗaga hannu, cikin ladabi dai, ya ce in mayar da su kada ƙura ta ɓata. Yana da mai rubutu, ɗan ƙanensa ne. Amma in ina so in zauna a inuwa in ga yadda kasuwa take, ga benci, ga shayi. Don darajar Kawu ya faɗi haka, ni ma na sani. Na zauna, tunda ba ni da inda ya fi nan.

Abin da na lura da shi a zaman bencin nan shi ne, kusan kowane awo da faɗa yake ƙarewa, kuma faɗan iri ɗaya ne. Yaron Alhaji yana da saurin lissafi, a waya yake bugawa, ya faɗi jimla ɗaya a ƙarshe. Manomi ya ji adadin bai kai abin da ya ƙirga a ransa tun daga gona ba, sai murya ta tashi. Ban ga alamar yaron yana cutar kowa ba. Amma na san fuskar nan da manoman ke yi, na shekara ina ganinta a bencin baya na aji: fuskar wanda bai gane ba, kuma ya gwammace ya yi rigima da a ce bai gane ba.

Wata rana wani dattijo ya kawo ridi buhu 40 a bayan tarakta. Aka auna, yaron ya faɗi jimla, dattijon ya ce an cinye masa kusan kantar guda, kuma ba zai motsa ba. Masu dako suka ajiye aiki suka zagaye su. Na tashi na ce, "Baba, ka ba ni izini in ga lissafin tare da kai?" Akwai guntun alli a aljihuna, na makarantar da muke kwana. A jikin ƙofar ƙarfen siton na rubuta nauyin kowane buhu a jere, goma goma, ina faɗa da ƙarfi yana amsawa. Muka tara tare. Sannan na zo wurin da rigimar take: ana cire ratali biyu a kowane buhu, nauyin buhun kansa. Ratali biyu sau 40, ratali 80 ke nan, ga kantar ɗinsa da yake nema. Ya ce shi bai yarda buhun wofi ya kai haka ba. Ban yi masa musu ba. Na sa aka kawo buhunan wofi guda goma aka ɗora a sikeli, na ce ya karanta da kansa, ko ya kira wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Jikansa ya karanta. Dattijon ya yi shiru, ya ce, "To, haka za a ce min tun farko."

Ba wani lissafi mai zurfi a ciki, ɗan aji huɗu zai iya. Abin da na yi amfani da shi wani abu ne dabam: ka rarraba abu gunduwa-gunduwa, ka rubuta inda kowa zai gani, ka bar mutum ya taɓa hujja da hannunsa, kuma kada ka sa ya ji kunya a gaban jama'a. Ban taɓa sa wannan a takardar neman aiki ba, don ban san yana da kasuwa ba. Alhaji yana daga ciki yana kallo. Da yamma ya ce gobe in zo da wuri, kuma in zo da allin.

Matsala ta farko ba ta littafi ba ce, ta yaron nan ce. A ganinsa wani baƙo ya zo ya karɓe masa kujera. Ni kuwa na daɗe da sanin cewa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa in ka gyara masa a bainar jama'a ka rasa shi. Sai na kawo tsarin da muke bi a ɗakin haɗa sakamakon jarrabawa: mutum biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana duba, in an gama shafi a musanya. Na ce masa idona ya fara rauni, ina buƙatar wanda zai riƙa bin bayana. Ya kama min kurakurai, na kama masa, babu wanda ya ji a waje. Yau shi ne ya fi kowa tsanani a kan kada a rufe shafi ba a bi shi sau biyu ba.

Littafin kuwa na tsara shi yadda na saba tsara na maki. Kowane manomi da shafinsa, kamar yadda kowane ɗalibi yake da nasa. Abin da ya karɓa da damina a gefe, abin da ya kawo da kaka a gefe, kuɗin dako, kuɗin kasuwa, zakka, kowanne da layinsa. A nan akwai bashin da ake kira shel: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi ko iri lokacin shuka, a biya shi da amfani in an girbe, a kan farashin da aka yanka tun lokacin da manomin ke cikin matsi. Ra'ayina a kan shel ba mai daɗi ba ne, na kuma faɗa wa Alhaji. Farashin ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne manomi ya koma gida da 'yar takarda mai ɗauke da abin da ke shafinsa, ya kai wa ɗansa mai karatu ya duba masa.

Da farko dariya ake min, wai Ustaz ya mayar da sito makaranta. Kowa ya saba da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya ta Bankin Hartum, tun da yaƙi ya sa kuɗin hannu ya yi wuya. A tura, a nuna hoton shaida a waya, shi ke nan. Sai a farkon Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ba turawa, ba karɓa, wanda lissafinsa ke cikin saƙonnin waya ya rasa madafa. Kaya kuwa ba su daina shigowa ba, manomi ba zai koma da lodinsa ba. Mu muka ci gaba da karɓa a kan bashi, a rubuta a shafin mutum, ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu, ya tafi da takardarsa. Da layi ya dawo muka bi shafi-shafi muka biya, ba a yi rigima da kowa ba. Daga nan ne maƙwabtanmu biyu suka roƙi Alhaji in riƙa leƙa musu littattafansu da yamma, abin da ake ba ni a can ya taru da na nan har na kama mana ɗaki.

Kada wanda ke karanta wannan ya ɗauka duk abin da malami ya iya kasuwa tana so. Akwai wani tsoho a siton, shi ke duba ridi kafin a yi ciniki. Zai soka ƙarfen ɗiba a cikin buhu, ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya hura, ya shinshina, ya ɗan tauna ƙwaya biyu. Daga nan zai gaya maka ko akwai danshi, ko an haɗa da ja, ko ƙasa ta yi yawa, ko ƙwaro ya tsotse man tun yana tsibi a gona. Bai taɓa shiga aji ba, kuma kuɗin da Alhaji ke samu ko yake asara a tafin hannun tsohon nan yake, ba a littafina ba. Ina zama kusa da shi ina koyo, har yanzu ni ɗan koyo ne, kuma ba ya ɓoye min hakan.

Sai kuma bakin malami. Mu an horar da mu mu faɗi duk abin da muka sani, ga duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba. Alhaji ya ja min layi tun da wuri. Ya ce, "Malam, abin da ke shafin manomi nasa ne, buɗe masa duka. Abin da ke cikin sitona, da nawa na saya, da ranar da zan sayar, wannan nawa ne." Na ga gaskiyarsa. A aji ilimi in ka raba ƙaruwa yake, a kasuwa wani labarin in ya fita farashi ya tafi da shi. Haka kuma babu ƙararrawa, babu wanda zai miƙe don ka shigo, mai dako zai iya daka maka tsawa ka matsa masa hanya, kuma a ranar da kaya suka yi yawa yana iya tashi da abin da ya fi naka. Wasu abokan aikina wannan ne ya hana su, ba rashin iyawa ba. Na san malamin da ya gwammace ya wuni a kwance a tabarma da a gan shi da ƙura a gira. Ban zarge shi ba, don na san nauyin sunan nan Ustaz.

Maiɗakina ba ta sha wannan wahalar ba ko kaɗan. A Madani ita ce uwar adashen matan layinmu, ta san wa ya zuba, wa ya yi jinkiri, wa za a ɗaga wa ƙafa ba tare da sauran sun ji haushi ba. Da aka buɗe takiyya a makarantar da 'yan gudun hijira suke, wato girkin taimako da ake yi wa jama'a a tukunya ɗaya, cikin 'yan kwanaki makullin ɗakin ajiya ya koma hannunta. Ita ke auna waken lentil da gari da mai, ita ke sanin gida nawa ne suka ƙaru. Ba ta taɓa tsayawa tambayar ko aikin ya dace da matsayinta ba. Ina ganin mata sun fi mu saurin gane abin da ke hannunsu, wataƙila don ba a taɓa ba su takarda a kansa ba.

A Disambar 2024 aka canja takardun kuɗin Sudan na jine 500 da 1,000, aka ce a kai tsofaffin banki a zuba a asusu. Yawancin masu dakonmu da ƙananan manoma ba su da asusu, wasu ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Nan ma tsohon aiki ya dawo ta wata ƙofar. Cike fom, duba lambar ɗan ƙasa, tabbatar da an rubuta suna huɗu daidai yadda yake a takarda, duk abin da nake yi wa ɗalibai ne lokacin rajistar jarrabawa. Bahaushen Sudan kuwa ya san harafi ɗaya in ya kauce a takarda, tambayoyin da za su biyo baya ba su da daɗi, ko da kakansa a nan aka binne shi. Bayan an buɗe asusun sai koya musu turawa da duba saura a waya. Na zaɓi uku da suka fi saurin kamawa, na koya musu sosai, kowanne na ba shi mutanensa, yadda nake yi da shugabannin aji in ɗalibai sun yi min yawa.

Malamai da dama sun same ni suna tambayar yadda aka yi. Abin da nake iya gaya musu kaɗan ne. Ka zauna ka tuna abin da hannunka da bakinka ke yi daga safe zuwa tashi, ba abin da aka rubuta a takardar ɗaukarka aiki ba, musamman ayyukan da kake ƙorafi a kansu, don sau da yawa su ne wani zai biya ka. Kuma a wuri irin kasuwa ba a karanta takarda, sai an gani. Sannan ina gaya musu abin da ba sa son ji: ba don Kawu ba, da ban samu bencin da zan zauna ba, balle a ga abin da na iya. Iyawa tana buƙatar wanda zai tsaya maka, musamman inda za a damƙa maka littafin kuɗi. Wanda ba shi da kawu a gari, ya nemi limamin unguwa ko sarkin Hausawan wurin, ya bari a san shi tukuna.

Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, mutane suna ta komawa. Shugaban makarantarmu ya kira ni, ya ce ana neman malaman lissafi, da yawa ba su dawo ba. Ina kewar aji, ba zan ɓoye ba, kuma yaran da suka yi shekaru ba karatu suna raina. A gefe guda Alhaji yana so in fara bin lodin zuwa Bur Sudan ina kula da takardun hanya da na tashar jirgin ruwa, abin da zai ba ni kuma albashin koyarwa bai kama ƙafarsa ba. Maiɗakina gida take so. Mun tsaya a kan ita da babban ɗanmu su je su ga abin da ya rage na gidan, ni in zauna har a gama ridin bana, sannan mu sake zama mu yanke.